Ma'anar "tankar yaƙi": ba kowace mota mai sulke ce tanka ba

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da aka kai hari a Bokkos ko Mangu ko Barkin Ladi, sai a ji a rediyo ana cewa an tura "tankokin yaƙi" yankin, washegari kuma wani ɗan siyasa ya fito ya ce shi ne ya roƙa aka turo su. Idan aka nuna hoton abin da aka tura ɗin, sai a ga mota ce mai taya huɗu, an lulluɓe jikinta da ƙarfe, an ɗora mata bindigar mashin a sama. Ko a lokacin zaɓe haka ake cewa 'yan sanda sun girke tankokin yaƙi a bakin ofishin hukumar zaɓe, alhali rundunar 'yan sandan Najeriya ba ta da tanka ko guda ɗaya. Mu da muka yi aikin soja a ɓangaren sulke, wannan magana tana sosa mana rai, musamman a nan Jos, inda hedikwatar Runduna ta 3 take a barikin Maxwell Khobe da ke Rukuba, wadda aka daɗe ana kira rundunar sulke, ga kuma makarantar koyon aikin sulke ta sojan Najeriya nan kusa da mu a Bauchi.

A wurin soja, ba a kiran abu tanka sai ya haɗa siffofi uku a lokaci guda: ya yi tafiya a kan sarƙa maimakon taya, ya zama yana da babbar bindiga mai faɗin baki a kan wani ɗaki na ƙarfe da ke juyawa ta kowace fuska, sannan sulkensa ya yi kaurin da zai iya jure harbin wata tankar, musamman ta gaba. Ba a ƙera tanka don ɗaukar fasinja ba. T-72 ƙirar Tarayyar Sobiyet, wadda Najeriya ta sayo a tsakanin 2014 da 2015 lokacin da yaƙin Boko Haram ya yi tsanani, mutum uku kawai take ɗauka, wato kwamanda da maharbi da direba, domin na'ura ce ke ɗura mata harsashi. Nauyinta ya haura ton 40, faɗin bakin bindigarta milimita 125. Vickers Mk 3 ƙirar Ingila, wadda sojanmu ya samu tun shekarun 1980, tana ɗaukar mutum huɗu da bindiga mai milimita 105. VT-4 da aka kawo daga Sin a watan Afrilun 2020 ta haura ton 50. Bindigar mashin da ake gani a kan motocin sintiri kuwa, babbarta ma milimita 12.7 ce ko 14.5.

Asalin sunan kansa yaudara ce, kuma da gangan aka yi ta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga ƙarshen 1914, sojojin Ingila da Faransa a ɓangare guda, na Jamus a ɗaya ɓangaren, sun haƙa ramuka sun zauna a ciki, tun daga gaɓar teku a Beljiyam har iyakar Switzerland. Tsakaninsu akwai waya mai ƙaya da bindigogin mashin, don haka duk wanda ya fito daga rami ya nufi abokin gaba, da wuya ya kai. A watan Fabrairun 1915 Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne shugaban ma'aikatar sojan ruwa, ya kafa kwamitin da zai nemo wata mota da za ta tattake wayar, ta tsallake ramin, harsashi kuma bai huda ta ba. Da farko suna kiran ta jirgin ruwan tudu, saboda masu aikin mutanen sojan ruwa ne. Amma wannan suna zai tona asiri idan ya shiga kunnen 'yan leƙen asirin Jamus, sai aka zaɓi a riƙa cewa tankin ruwa ake ƙerawa, irin wanda za a riƙa kai wa dakaru ruwan sha da shi. Sunan ya zauna har yau, shi ya sa a Hausa ma tankin ruwa da tankar mai da tankar yaƙi duk tushensu ɗaya.

An fara shiga da ita fagen daga ranar 15 ga Satumba, 1916, a yaƙin Somme da ke Faransa. An tanadi guda 49, amma da yawa sun lalace tun kafin su isa wurin da za a fara. Waccan ta farko, Mark I, mutum takwas ke cikinta tare da injin a ɗaki guda, cikin hayaƙi da zafi, kuma gudunta bai wuce saurin mai tafiya da ƙafa ba. Sai a Cambrai, cikin Nuwamban 1917, da aka tara fiye da 400 aka tura su tare, sannan aka ga abin da za su iya. Siffar da muka sani yanzu, mai ɗakin bindiga yana juyawa a sama, direba a gaba, inji a baya, ta samo asali ne daga Renault FT ta Faransa. Abin lura a duk wannan tarihi shi ne, an ƙirƙiri tanka ne don fasa layin rundunar da ta kafe a wuri ɗaya tana jiranka, kuma har gobe a nan ta fi amfani.

Abin da muke gani a hanyar Jos zuwa Shendam ko a shingayen bincike yawanci motar ɗaukar dakaru ce mai sulke. Aikinta ta kai sojoji kamar takwas zuwa goma wurin faɗa lafiya, su sauka su yi yaƙi da ƙafa. Sulkenta yana tare harsashin AK-47 da ɓaraguzan bam, amma roka ta RPG-7 tana iya huda ta. Akwai kuma dangin da aka ƙera musamman saboda nakiyar da ake binnewa a hanya, waɗanda ake kira MRAP. Ana gane su da tsayi, domin an ɗaga su sosai daga ƙasa, cikinsu ta ƙasa kuma an yi shi da tsini kamar harafin V, ta yadda ƙarfin fashewa zai watse gefe da gefe maimakon ya daki wurin zaman mutane. Wannan dabara ta bunƙasa ne a kudancin Afirka a shekarun 1970, kuma motar Ezugwu da masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna ta ƙera, wadda aka ƙaddamar a Disamban 2019, tana cikin wannan dangi. Da Hausa, "mota mai sulke" ta wadatar da su duka, kuma ba ragi ba ne a gare su.

Wani zai ce ai duk ɗaya ne, tunda mai sauraro ya gane cewa an kawo kayan yaƙi. Ni ban yarda ba. Mutumin ƙauye da aka gaya wa an kawo tankoki zai ɗauka an kawo maganin matsalarsa, sa'ilin da maharan da ke damunsa suna zuwa ne da dare a kan babura ko a ƙafa, su bi ta cikin duwatsu da gonaki, su gama ɓarna kafin a tayar da injin tanka. Tanka ba ta zuwa Bokkos da ƙafarta. Sai an ɗora ta a kan tirela ta musamman, domin sarƙarta tana cin kwalta, kwalta ma tana cin sarƙar, ba kuma kowace gadar karkara ce za ta ɗauki ton 40 ba. Tana shan man gas ba kaɗan ba, kuma dole makanikai da kayan gyara su bi ta a baya. Wanda ke cikinta idan ya rufe ƙofa, duniya yake gani ta 'yan ƙananan madubai, shi ya sa ba a sakin ta ba tare da dakarun ƙafa suna tsaron gefenta ba. Rasha ta koyi wannan da tsada a Grozny a jajibirin sabuwar shekarar 1995, lokacin da ta tura jerin tankoki da motocin sulke cikin gari, mayaƙan Checheniya suka riƙa harbo su da roka daga benaye da ƙarƙashin gidaje. A Yukiren ma, tun 2022, an sha ganin ƙaramin jirgi maras matuƙi ya tayar da harsasan da ke jere ƙarƙashin ɗakin bindigar T-72, ɗakin ya yi sama. A ganina, ɗan siyasar da ke neman tanka don Filato yana neman abin da zai yi kyau a hoto ne. Da hanyoyin karkara masu kyau ya nema, da na'urorin sadarwa, da motocin sulke marasa nauyi da isassun sojojin da za su kwana a ƙauyen, da ya fi kusa da buƙata.

Kuskuren yana cutar da jami'an tsaro ma. Idan aka rubuta cewa an fito da tankokin yaƙi a kan masu zanga-zanga, zargi ne mai nauyi ƙwarai, domin ma'anarsa an juya wa farar hula bindigar da aka yi don rusa gini, kuma bai kamata a furta shi a kan motar 'yan sanda mai feshin ruwa ba.

Inda na yi wa 'yan jarida uzuri shi ne a kan wasu motoci da ke tsaka-tsaki. Panhard AML-90 ta Faransa da Cascavel ta Brazil, waɗanda sojan Najeriya ya daɗe yana amfani da su, suna da bindiga mai milimita 90 a ɗaki mai juyawa, ga ST1 mai milimita 105 da ta zo tare da VT-4. Daga nesa kamar tanka suke, kuma su ne jama'a kan kira igwa, duk da cewa igwa ta ainihi ita ce babbar bindigar atilare da ke cilla harsashi zuwa wurin da maharbi ba ya gani. Amma a kan taya suke tafiya, sulkensu kuma siriri ne, aikinsu leƙen abokin gaba da tallafa wa dakarun ƙafa. Kwamandan da ya ɗauki Cascavel ya tsaya gaba da gaba da T-72 yana zaton tanka yake ciki, harbi ɗaya ya ishe shi.