'Yar fim ma tana iya rubuta tarihin mutum

An daɗe ana faɗa a majalisun Kano wai macen da ta fito daga harkar fim ba ta iya aikin jarida, balle rubuta tarihin rayuwar wani. Ba haka ba ne. Aikin nan bincike ne: hira da dangi, duba wasiƙu, tantance shekaru. Wadda ta saba nazarin halin mutum kafin ta fito a matsayinsa, ai ta yi nisa a koyon aikin.

In kana shakka, buɗe littafin tarihin da wata 'yar fim ta rubuta. Ta faɗi waɗanda ta zanta da su? Shekarun sun dace da tsoffin jaridu, kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939?

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.