Barci ba shi ne ƙarfin maganin atishawa ba

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta tashi, za ka ga masu atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ido na ƙaiƙayi, sun nufi kemis neman Piriton. An daɗe ana cewa ai shi ne mai ƙarfi, tunda yana kwantar da mutum. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙura ko ƙurar furanni na sa jiki ya saki wani sinadari, histamin, shi ke haddasa atishawar da ƙaiƙayin. Piriton, wato chlorphenamine, yana toshe aikinsa. Sababbin magunguna irin su loratadine, cetirizine da fexofenadine ma haka suke yi, kuma ba su gaza shi ba. Babban bambancin shi ne, tsohon maganin, wato Piriton, yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, daga nan barcin yake zuwa. Ƙarfinsa kan ƙare cikin awa 4 zuwa 6, su kuwa sababbin ƙwaya ɗaya ta isa yini da kwana. Cetirizine dai takan ɗan sa wasu gyangyaɗi.

Ka tuna direban da ya sha Piriton ya kama hanyar Kano zuwa Kaduna, ko dattijon da fitsari ke masa wuya, wanda maganin kan ƙara riƙe masa shi.

Toshewar hanci kuwa, ƙwayoyin duka ba su cika buɗe ta ba. Maganin fesawa a hanci irin fluticasone ya fi su, sai dai yakan ɗauki kwanaki kafin a ji aikinsa sosai.