Kuɗin PTA, rufe ajujuwa da ikon Sakataren Ilimi: amsar tambayoyin iyaye a ƙasar Daura

Daga lokacin da iskar farkon damina ta fara yaye kwanon ajujuwa har zuwa komawa makaranta a watan Satumba, zance ɗaya ne ke yawo a majalisun Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure: an yanka wa iyaye kuɗi, an kulle wani aji, kuma ba a san wanda za a tuhuma ba. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsarsu.

An ce karatu kyauta ne. To me ya sa ake karɓar kuɗi a hannunmu?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare na shekara 6 da ƙaramar sakandare na shekara 3 kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Ta yanka hukunci ga wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka: tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Ta kuma waiwayo kan uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta: karon farko jan kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya.

Abin da ake kira kuɗin PTA (ƙungiyar iyaye da malamai) gudummawa ce da iyaye suka ɗora wa kansu, don alli, tsintsiya, mai gadi, ko gyaran famfo, abubuwan da idan aka jira gwamnati sai zango ya ƙare ba su zo ba. Matuƙar taron iyaye ne ya amince da ita, ba laifi. Ranar da ta zama sharaɗin shiga aji, ko na rubuta jarrabawa, ko na karɓar sakamako, ta tashi daga gudummawa ta koma kuɗin makaranta, wanda doka ta hana. Koro yaro gida saboda ubansa bai biya ba kuskure ne, ko da kuwa kwamitin PTA ne ya ba da umarni.

Yaya ake yanka gudummawar ba tare da rigima ba?

Yawanci inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne a fara da adadin kuɗi kafin a faɗi aikin. Aikin ake fara ambata. Idan rufi ne, a kawo kafinta ya auna, ya rubuta bandir nawa na kwano ake bukata (bandir ɗaya falle 20 ne), katako nawa, ƙusa, langalanga da ladan aiki. A nemi ƙiyasi daga mutum biyu ko uku, kada ya zama ɗan'uwan wani a kwamiti shi kaɗai ya kawo farashi.

Sannan a raba bisa gidaje, domin idan aka raba bisa kan yara, mai 'ya'ya shida a makarantar shi zai fara cire biyu ya tura su gona. A misali, aikin naira 600,000 a makarantar da gidaje 300 ke da yara a ciki: a ware gidaje 60 na marayu da waɗanda kowa ya san halinsu, saura 240, kowane gida naira 2,500. Wanda ba shi da kuɗi yana iya kawo yashi a amalanke ko ya yi lebura na yini, a rubuta masa a matsayin ya biya.

Kuɗin ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum biyu aƙalla, kowane biya da rasit mai lamba. Hedimasta kada ya riƙe tsabar kuɗi, kuma wannan kariya ce gare shi, don sau da yawa ba ci ake yi ba, rashin rubutu ne ke jawo zargi: an ciri na siminti an sayi alli, bayan wata uku ba wanda ya tuna. Ƙarshen zango a manna lissafin shiga da fita a ƙofar ofis, a kuma karanta shi da baki a taro, saboda ba kowa ke karatun boko ba. A sa taron lokacin da iyaye mata za su iya zuwa ko su aiko wakiliya. Taron da aka yi ranar kasuwa da mutum goma sha biyu bai kamata ya yanke wa gari hukunci ba.

Mene ne bambancin PTA da SBMC?

PTA ta iyaye ce da malamai. SBMC kwamitin kula da makaranta ne na al'umma gaba ɗaya: akwai wakilin mai gari, malamin addini, mata, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, da hedimasta a matsayin sakatare. Shi ke tsara abin da makaranta ta fi bukata, kuma ta hannunsa tallafin gyara ke bi, kamar na shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ke tallafa wa, wanda Katsina na cikin jihohi 7 da aka fara da su.

An kulle mana ajujuwa an ce ginin zai faɗi. Ta yaya za mu san gaskiya ne?

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririyar tsaga kamar gashi a filasta gyaran magini ce. Wadda ake gudu ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda ake gani ciki da waje a wuri ɗaya, ko bangon da ya yi ciki ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa. Akwai gwaji mai sauƙi: a shafa ɗan siminti a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. Idan ya sake tsagewa cikin 'yan makonni, ginin yana motsi, a fitar da yara.

Sanadin galibi ruwa ne da ke kwanciya a gindin bango saboda ba dakali ba magudana, sai bulon da aka buga da siminti kaɗan. A sama kuwa gara ce. Katakon da ta ci yana nan kamar lafiyayye, sai an soka masa wuƙa a ji ya zama hoto. Rufin da ba a ɗaure shi da bango da langalanga ko rodi ba, iska ɗaya ke ɗauke shi gaba ɗaya. Silin da ya yi tumbi da kashin jemage shi ma yana iya ruftowa kan yara.

Idan rufewar ta tabbata, kwamiti ya nemi takarda daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma mai ɗauke da dalili, inda za a mayar da yara, da wanda aka damƙa wa kujeru da rajista. A raba karatu safe da rana a ajujuwan da suka rage, ko a ari ajin Islamiyya da safe. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Haɗa aji biyu ya zarce haka nesa, amma ya fi zaman gida. Tura yara makarantar wani gari shi ne zaɓi na ƙarshe, don 'yan mata da ƙananan yara ne ke fara zubewa. Kuma makarantar da aka bari ba kowa, malamanta ake fara ɗaukewa, sai tagogi, sai maƙwabci ya tura shingen gonarsa cikin filin.

Rufewa don tsaro daban take. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, gwamnatin Aminu Bello Masari, gwamnan Katsina na lokacin, ce ta ba da umarnin rufe makarantun kwana. Irin wannan ba hurumin kwamiti ba ne.

Wa ke da alhakin gyara: ciyaman, Sakataren Ilimi, ko hakimi?

Kowace daga ƙananan hukumomi 34 na jihar tana da ofishin ilimi da Sakataren Ilimi ke jagoranta, yana aiki ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, a Katsina. Duba makarantun firamare, rarraba malamai da tura rahoto nasa ne. Babban gini ya fi ƙarfin ofishinsa. Kuɗinsa na zuwa daga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wadda ke samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta taɓa kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa ta kai tsarin ayyuka. Makarantar da ba ta cikin tsarin sai ta jira na gaba. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙaramar hukuma hannu a kula da firamare, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 ya ce a ba ta kuɗinta kai tsaye, don haka ciyaman ma ana buga masa ƙofa. Hakimi da dagaci ba sa canja wa malami wurin aiki, amma maganarsu na da nauyi wajen kare filin makaranta da sasanta iyaye da malamai.

Idan mun kai kuka an yi shiru fa?

A rubuta, kwamiti ya sa hannu, a haɗa hotuna da yawan yara aji-aji. A kai kwafi biyu ofishin Sakataren Ilimi, a sa a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo da shi. In mako biyu ko uku sun wuce ba labari, a tura wa shugaban SUBEB da wannan kwafin mai hatimi, a ba kansila da ɗan majalisar jiha nasu. Babbar sakandare kuwa ta ofishin shiyya na ma'aikatar ilimi ake bi. A kuma tabbatar an rubuta ainihin halin ginin a fom ɗin ƙidayar makarantu na shekara, don wasu hedimastoci kan rubuta "lafiya lau" gudun kada a ce sun gaza, alhali da wannan fom ake aiki wajen tantance makarantun da ke bukatar gyara.