Koyarwa da tafiyar jirgin Ra: amsoshi ga malaman da ke ta tambayata

Tun da na fara koyar da 'yan ƙaramar sakandare da labarin jirgin Ra, tambayoyi iri ɗaya nake sha daga abokan aiki, a ɗakin malamai da kuma ta waya. Na gaji da maimaitawa. Ga su nan wuri guda, don Allah a karanta kafin a kira ni.

Mene ne Ra ɗin?

Jirgin ruwa ne da aka ɗaure da damin ciyawar papirus. Ba shi da inji, iska ce ke bugun filafilansa tana tura shi. Wani mutumin Norway, Thor Heyerdahl, ya sa aka yi guda biyu. Na farko ya tashi daga Safi a Maroko a 1969, ya sha ruwa a hanya, dole aka bar shi kafin a kai gaci. Na biyu ya tashi daga Safi a watan Mayun 1970, ya ƙetare Tekun Atlantika, ya isa tsibirin Barbados bayan kwana 57. Tafiyar ta kai kusan kilomita 6,100.

Yaran da ba su taɓa ganin teku ba, ina ruwansu da wannan?

Haba Malam! Sun taɓa ganin Kogin Nilu ne da kake koya musu shi kowace shekara? Kuma labarin ba baƙo ba ne gare mu. Maginan jirgin farko Buduma ne daga Tafkin Chadi, aka kai su Masar suka ɗaure shi kusa da dalar Giza, da ciyawar da aka ɗauko daga Tafkin Tana na Habasha. Ɗan Chadi, Abdullah Djibrine, yana cikin mutum bakwai da suka hau shi. Faɗa wa yara wannan kaɗai ka ga yadda za su gyara zama.

A wane darasi zan saka shi?

Labarin ƙasa, lissafi, kimiyya. Zaɓi naka.

Ashe maginan Chadi ne suka ɓata jirgin farko?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Jiragen da Buduma suka saba yi na tafki ne, ƙeyarsu a yanke take. An nemi su ƙara ƙeya mai lanƙwasa sama irin ta zanen Misirawan da, sannan aka tafi ba tare da igiyar da ke riƙe ƙeyar da cikin jirgin ba. Sannu a hankali bayan jirgin ya sunkuya, ruwa ya hau. Duk da haka ya yi makonni masu yawa a teku, ya cinye mafi yawan hanyar. Na biyun mutanen Aimara daga Tafkin Titikaka na Bolibiya suka ɗaure shi, ya fi gajarta, kuma an riga an koyi darasi daga na farko. Kada ka tsaya gaban yara ka ɗora laifi kan mutanen da suka yi abin da aka ce su yi.

Ajina ya kusa yara ɗari, ba taswira, ba wuta, darasi minti arba'in. Yaya zan yi?

Wannan ce tambayar gaske, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowace makaranta. Zan faɗi abin da ya yi mini aiki, ka ɗauki wanda zai yiwu a wurinka.

Taswira dai ba uzuri ba ce. Fita tsakar makaranta da toka ko alli, ka ja layuka a ƙasa, kowane taku ya zama digiri biyar. Safi tana wajen digiri 32 arewa, 9 yamma. Barbados tana wajen 13 arewa, 59 zuwa 60 yamma. Ka sa yaro ya tsaya a kowanne. Sai ka tambaye su wane gari namu ne yake kan digiri 13 arewa. Sakkwato da Katsina suna nan kusa. Wannan ya fi duk wani bayanin layin kwance da na tsaye da zan yi a allo. Amma fa idan filinku kasuwa ce, ko shugaban makaranta ba ya son a fitar da yara, sai ka koma bangon aji, ko ka haɗa buhunan siminti ka zana a kai.

Yawan yara kuma, raba su ƙungiya ƙungiya, kowace mutum takwas, domin mutum takwas ne suka hau jirgi na biyu. Kowace ƙungiya ta riƙe littafin tafiya guda. Su raba 6,100 da 57, za su samu kusan kilomita 107 a rana, wato kimanin huɗu da rabi a awa, saurin mai tafiya a ƙasa. Su lissafa ruwan sha: idan ka ba kowa lita uku a rana, lita 1,368 ke nan. Lita ukun nan ni na ƙiyasta don lissafi, kana iya canzawa. Su yi gardama kan tulu nawa za a ɗauka, tunda a tuluna matafiyan suka zuba guzurinsu da yawa.

Inda nake taka-tsantsan shi ne lokaci. Na ga malamai sun mai da duk zangon karatu labarin jirgi, jarrabawa ta zo yara ba su gama manhaja ba. Wataƙila minti goma a ƙarshen darasi, sau biyu a mako, ya ishe ka. Wataƙila ku haɗa kai da malamin lissafi ya ɗauki rabi. Idan ajin masu shirin jarrabawar fita ne, ni dai da na haƙura sai ajin ƙasa. Kada ka ji ka gaza don ba ka yi duka ba. Ko taswirar tsakar makaranta kaɗai ka yi, ka yi aiki.

Sai na nuna musu bidiyo?

A'a. In akwai, to. In babu, ci gaba.

Me ya tura jirgin har can?

Iskar arewa maso gabas da ke kaɗawa a wannan yanki, da igiyar ruwan Kanari da ke gangarowa ta gaɓar Afirka sannan ta karkata yamma. Iskar nan dangin ta hunturu ce da ke busar mana da leɓe. Fara daga hunturu, yara sun san shi. A gwajin kimiyya kuwa, su ɗaure ƙananan dami na kara, wani da ƙarfi wani sako-sako, su sa a baho, su riƙa duba wanda ya fara nutsewa.

In ce musu Misirawa ne suka fara zuwa Amurka?

Kul! Heyerdahl ya so ya nuna cewa jirgin ciyawa zai iya ƙetare tekun, kuma ya nuna. Bai nuna cewa mutanen da sun ƙetare ba, kuma galibin masana tarihi ba su yarda da hakan ba. Ka rubuta jimlolin biyu a allo, "zai yiwu" da "ya faru", ka bar yara su gano bambancin da kansu.

Akwai abin da ya shafi muhalli?

Akwai. Matafiyan sun riƙa cin karo da dunƙulen baƙin mai a tsakiyar teku, a kwana 43 cikin 57, suka kai rahoto Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka sa yara su fitar da kashi nawa ne cikin ɗari, sannan su ƙirga ledojin da ke cikin kwatar bayan makaranta na tsawon mako guda, su rubuta a littafin ƙungiyarsu.