Kumkwat na Gida: Yawan Ƙwallo da Daɗin Ci

Kumkwat ɗan ƙaramin lemo ne da ake ci har da ɓawonsa. Masu dasa shi a tsakar gida ko a tukunya, daga kudancin Sin zuwa Japan da jihar Filorida ta Amurka, ƙorafinsu biyu ne kusan kullum: ƙwallaye sun cika shi, ko kuma tsami ya hana a ci. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakinsu.

Wane irin lemo ne wannan da ba a ɓarewa?

Asalinsa kudancin ƙasar Sin ne. Wani mai tattara tsirrai ɗan Birtaniya, Robert Fortune, shi ya kai shi Turai a 1846, daga baya ya isa Amurka. Bishiyar gajeruwa ce, tana zama lafiya a tukunya, 'ya'yanta kuma ba su wuce girman dabino ba. Abin da ya raba shi da sauran dangin lemo shi ne zaƙinsa a ɓawo yake, tsaminsa a ciki. Wanda ya ɓare shi ya yar da ɓawon, ya zubar da mai daɗin ya riƙe mai tsamin.

Me ya sa nawa ya cika da ƙwallaye?

Kafin ka zargi taki ko ban-ruwa, fara tambayar kanka wane iri ka dasa, domin yawancin amsar tana nan. Wanda ya fi yawa a wajen masu sayar da dashe shi ne Nagami, mai ɗan tsawo, kuma shi a ɗabi'arsa yana ɗauke da ƙwallo biyu zuwa biyar a kowane ɗa. A babban lemo wannan ba abin magana ba ne. Amma a ɗan abin da loma guda ce, ƙwallo huɗu sun cinye rabin wurin.

Meiwa, wanda yake kewayayye kuma ya ɗan fi girma, shi ma yana da ƙwallo. Sai dai ɓawonsa ya fi kauri da zaƙi, ruwansa kaɗan ne, tsaminsa bai kai na Nagami ba, shi ya sa mutane suke yafe masa. Akwai kuma Marumi, ƙarami kewayayye. Can ƙarshen layi akwai na Hong Kong, wanda bai fi ƙwayar wake girma ba, cikinsa kusan duk ƙwallo ne. Shi wannan don ado ake ajiye shi, masu ƙawata gida da 'yan ƙananan bishiyoyi su ne abokan cinikinsa. Idan shi aka sayar maka, babu dabarar da za ta mai da shi abin ci.

Bayan iri, sai aikin ƙudan zuma. Ƙwallo yana samuwa ne idan garin fure ya isa inda ya kamata, kuma kumkwat yana iya ɗaukar 'ya'ya da garin furensa na kansa, ko da bishiya ɗaya tal ce a gidan. Inda zuma ke yawan kai-komo, ƙwallaye sukan ƙaru. Wannan ne ya sa bishiya guda take ba da 'ya'ya masu ƙwallo biyu bana, baɗi ta ba da masu biyar. Ni dai ban ga hikimar korar zuma daga lambu saboda wannan ba.

To akwai wanda ba shi da ƙwallo sam?

Akwai. Sananne a Amurka shi ne Nordmann, wanda wani mai renon dashe, George Otto Nordmann, ya gano a garin DeLand na Filorida a 1965. Jinin Nagami ne, da siffarsa da tsaminsa, ƙwallon ne kawai babu. A Japan masu binciken itatuwa sun fitar da Puchimaru, wanda aka haɗa ta yadda ba ya iya yin cikakken ƙwallo. A yankin Rong'an na lardin Guangxi a Sin kuma ana noma wasu irin masu santsin ɓawo da zaƙi sosai, ƙwallonsu kaɗan ne ƙwarai ko babu.

Sai dai a kula, rashin ƙwallo daban, daɗi daban. Wanda tsamin Nagami ya dame shi, in ya koma Nordmann bai tsira ba, tofar da ƙwallo kawai ya huta. Idan don ci haka nan ake son bishiyar, a ganina Meiwa mai ƙwallo ya fi Nordmann marar ƙwallo. Idan kuwa don dafawa da sukari ne, a nan Nordmann yake da rana, domin zaman cire ƙwallo daga kwano guda na 'yan ƙananan lemo aiki ne mai cin rai.

Ana cin ƙwallon, ko tofarwa ake yi?

Duk wanda ka ga dama. Ba ya cutarwa in an haɗiye, amma in haƙori ya fasa shi za ka ji ɗaci, ka kuma ga cikinsa kore. Masu dafa jam ba sa zubar da shi: sukan ƙulle ƙwallayen a ɗan ƙyalle mai tsabta su jefa a tukunya, saboda akwai wani sinadari a jikinsu mai sa jam ya yi kauri ya kama jikinsa.

Nawa tsami kamar me. Ina matsalar take?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma yawanci gaggawa ce. Kumkwat yakan yi launin ruwan lemo tun kafin ya gama nuna, mai bishiya ya gani ya ɗauka an gama, ya tsinke. Alhali dangin lemo duka ba sa ƙara zaƙi bayan an cire su daga reshe. Mangwaro ko ayaba ka iya ajiye su su nuna a ɗaki, lemo kuwa yadda ka tsinke shi haka zai zauna har ya bushe.

Dubi yadda manoman lardin Miyazaki na Japan suke yi. Kumkwat ɗinsu mai suna Tama Tama ba ya samun wannan suna sai ya kwana aƙalla 210 a kan bishiya bayan fure, sannan a auna sukarinsa ya kai maki 16 a ma'aunin zaƙi. Wata bakwai ke nan ana jira. Mai bishiya ɗaya a tsakar gida ba shi da na'urar awo, amma yana da harshe: ya tsinki ɗaya ya ɗanɗana, in bai yi ba ya bar sauran mako biyu ya sake gwadawa. Nunannen yakan yi launi mai duhu ko'ina har gindin hanci, babu sauran kore, in ka ɗan matsa shi ka ji ya saki kaɗan.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kumkwat ba ya yin fure lokaci guda. Yana jinkiri sai zafi ya kankama, sannan ya yi fure kashi-kashi. Saboda haka a reshe guda za ka samu yaya da ƙani, girmansu kusan ɗaya, kwanakinsu daban. Wanda ya kakkaɓe bishiyar rana ɗaya ya haɗa nunanne da ɗanye a kwando guda.

Sauran dalilan ba su da tsawo. Inuwa tana rage zaƙi, bishiyar rana take so. Takin da ya cika sa ganye yakan jinkirta launi ya kuma ɓata ɓawo. Barin ƙasa ta bushe ƙaf sannan a kwarara mata ruwa yana sa 'ya'yan su tsage. Idan kuma bishiya ta yi ɗauka fiye da ƙarfinta, a rage mata tun suna ƙanana, waɗanda suka rage za su fi girma, ƙwallon ma ba zai cika baki haka ba.

Akwai kuma yiwuwar ba kumkwat ba ne ma. Kalamansi, wanda 'yan Filifin ke matsawa a abinci, yana kama da shi sosai a tukunya, har ana sayar da wannan da sunan wancan. Shi ɓawonsa siriri ne mai saurin ɓaruwa, ruwansa da yawa, tsaminsa kuma ba ya tafiya ko ya shekara a reshe.

Yaya ake cinsa ya yi daɗi?

Ka wanke shi, ka murza shi tsakanin yatsu har ka ji ƙamshin man ɓawon ya tashi, sannan ka jefa shi baki gaba ɗaya ka tauna sosai. Tsamin ne zai fara dukan harshe, zaƙin ɓawon ya biyo baya in ka ci gaba da tauna. Masu gudun tsami sukan ɗan gatsi kansa, su matse ruwan da ƙwallayen waje, su ci sauran. Ga yara, gara a raba shi biyu a cire ƙwallon da tsinin wuƙa. Da yake har ɓawon ake ci, giram 100 yana ba da kusan miligiram 44 na bitamin C da giram 6 da rabi na harza mai taimakon ciki. Wannan ma dalili ne na kiyaye abin da ake fesa wa bishiyar.

In na shuka ƙwallon mai daɗin, zan samu irinsa?

Zai tsiro, amma kumkwat ba ya yin ƙarfi a kan saiwarsa ta kansa, ga daɗewa kafin ya fara ɗauka, ga kuma ba lallai ya gado uwarsa ba. Shi ya sa masu sana'ar suke yi masa aure, wato su haɗa reshensa da gindin wata bishiya, galibi a kan wani ɗan uwan lemo mai ƙaya da ganye uku-uku. A nan ma akwai tarko: idan reshe ya fito daga ƙasan wurin auren aka ƙyale shi, zai fi na saman ƙarfi, ya ba da 'ya'ya masu ɗaci cike da ƙwallo. Da ka ga reshe mai ganye uku da manyan ƙayoyi ya ɓullo daga gindi, datse shi nan take.

Zai yi a ƙasa mai zafi irin tamu?

Kumkwat ɗan wurin da ake zafi da bazara ne, sannan a yi sanyi lokacin nunarsa, kuma yana jure sanyi fiye da yawancin dangin lemo. Sanyin dare ne ke juya ɓawon lemo daga kore zuwa ja, rashin wannan sanyin ne ya sa lemon zaƙin da ake kawo mana daga Binuwai yakan zo kore shar alhali ya nuna. Haka kumkwat zai iya yi a inda dare ba ya sanyi, don haka launi ba zai zama abin dogaro ba, sai ɗanɗano. Wuri mai tudu da sanyi kamar Jos ya fi dacewa da shi a kan ƙasa mai tsananin zafi da bushewa. Wanda zai gwada a tukunya, ya nemi dashe mai aure wanda aka san sunan irinsa, ya ba shi ranar safe, ya kare shi daga ƙunar azahar a watannin bazara.