Shiga Intanet ɗin Jami'a Daga Gida Da VPN

Me ya sa maƙalar da nake buɗewa kyauta a jami'a take neman kuɗi idan na koma gida?

Domin jami'a ce ta biya kuɗin. Rumbunan mujallun ilimi irin su JSTOR da ScienceDirect galibi suna gane mai shiga ne ta lambar adireshinsa na intanet, wato IP, kuma jami'a ta riga ta ba su jerin nata lambobin. Da ka bar harabar, lambar kamfanin layinka ce ke bayyana, su kuwa ba su san ta ba.

To, me VPN ke yi?

Yana buɗe wata killatacciyar hanya tsakanin kwamfutarka da sabar jami'a, wato babbar kwamfutar da ke kula da intanet ɗinta, ya rufe bayanan da ke bi ta cikinta yadda mai leƙe ba zai iya karanta su ba. Sai sabar ta ara maka ɗaya daga cikin lambobinta. Daga nan duk shafin da ka nufa ta wannan hanya zai ɗauke ka kamar kana zaune a laburare. Har kwamfutocin bincike da ma'ajiyar fayil na sashenku, waɗanda ba a ganinsu daga waje, za ka iya kaiwa gare su.

Ina da VPN na kyauta a wayata. Ba zai wadatar ba?

Ko kusa. Shi lambar wani kamfani zai ba ka, ba ta jami'arku ba. Sai manhajar da sashen kwamfuta na jami'a ya tanada, ko Cisco Secure Client ce, ko GlobalProtect, ko FortiClient, ko OpenVPN. Ka shiga da sunanka da kalmar sirrinka na ɗalibi ko ma'aikaci. Jami'o'i da yawa suna ƙarawa da lambar tabbatarwa a waya.

Jami'a na ganin abin da nake yi?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma ba a cika yin ta ba. Tsari biyu ne. A wani, abin da ya shafi jami'a kaɗai ke bi ta sabarta. A ɗayan kuwa komai ta can yake bi, har bidiyon da kake kallo, don haka masu kula da sabar na iya ganin shafukan da ka ziyarta, ko da ba su ga abin da ka rubuta a shafi mai tsaro, wato wanda adireshinsa ya fara da https, ba. Dokokin jami'a na amfani da intanet ma suna hawa kanka a lokacin. Ni dai shawarata, ka gama aiki ka kashe shi.

Ya ƙi haɗuwa, me zan duba?

Fara da intanet ɗin kansa, domin VPN ba ya ba da data. Idan wayifai na otal ne ko filin jirgi, sai ka shiga shafinsu tukuna. In duk wannan lafiya, duba ko kalmar sirrinka ta ƙare ko agogon kwamfutarka ya kauce.