Me ake nufi da daidaita seshon tsakanin na'urorin raba lodi?

Wani ƙanena da ke koyon aikin kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, a nan Birnin Kebbi ya tare ni da tambaya: "Yaya, in dai an sa na'urar raba lodi guda biyu, ɗaya ta mutu ɗaya ta karɓa, me kuma ya kawo maganar daidaita seshon?" Na ji daɗin tambayar, domin daidai wurin nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. A sayi na'ura biyu, a ɗauka an gama, ranar da ta farko ta faɗi sai kowa ya ga an koro shi daga shafin.

Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san ɗan kamasho. Shi ne mai cewa wannan motar Argungu ce, waccan ta Yauri, shiga nan, ta can ta cika. Aikin na'urar raba lodi ke nan a gaban sabobi: buƙatun jama'a su zo mata ta intanet, ita kuma ta rarraba su don kada saba ɗaya ta sha nauyi ita kaɗai. HAProxy da Nginx da IPVS, wanda ke cikin Linux kanta, duk wannan aikin suke yi.

Seshon kuwa shi ne zaman da mutum yake yi da shafi, tun daga shigarsa har fitarsa. Ɗauki ɗalibar da ke cike fom ɗin makaranta a wani shagon kwamfuta a Jega. Ta sa lambar sirri, ta rubuta sunanta, ta kai shafi na uku. In sabar da ta fara karɓarta ce kaɗai ke riƙe da waɗannan bayanai, dole duk abin da ta latsa ya riƙa komawa can. Saboda haka na'urar raba lodi tana ajiye wani jadawali a ƙwaƙwalwarta: wance tana saba ta biyu, wane yana ta huɗu. Wannan jadawali shi ne littafin ɗan kamasho, inda aka rubuta wanda ya biya da motar da kayansa suke ciki.

To, a kawo na'ura ta biyu mai jiran ko-ta-kwana. Yawanci ana haɗa su da tsarin VRRP, ta hanyar manhajar Keepalived. Su biyun suna da adireshin IP guda, wato lambar da ake samun na'ura da ita a intanet, amma ɗaya ce ke riƙe da shi. Mai riƙe da shi tana sanar da 'yar uwarta kowace daƙiƙa cewa tana nan da rai. In aka ji shiru na kimanin daƙiƙa 3, mai jira ta ɗauki adireshin ta ci gaba da aiki. Sai dai VRRP adireshi kawai yake miƙawa, ba ya miƙa jadawalin. Sabon ɗan kamasho ya tsaya a wurin tsohon, amma littafi ya tafi da wancan. Ɗalibar nan ta Jega za a iya jefa ta wata sabar da ba ta san ta ba, ta koma shafin farko, kuɗin data da lokacinta sun tafi.

Daidaita seshon shi ne kwafe wannan jadawali zuwa ga mai jira a kai a kai, tun kafin wani abu ya faru. HAProxy ta samu wannan damar a siga ta 1.5 da ta fito a 2014: kana rubuta wa kowace na'ura sunan abokiyarta, su riƙa aika wa juna duk sabon abin da ya shiga jadawali. IPVS yana da nasa ɗan aiken da ke watsa bayanan haɗi ga mai jira. A Linux akwai conntrackd, a OpenBSD kuma pfsync, masu yi wa katangar tsaro, wato mai tace abin da ke shiga da fita, irin wannan hidima.

Akwai wani bambanci da nake so kowa ya riƙe. HAProxy jadawali take kwafewa, ba haɗin TCP ɗin kansa ba, wato layin da bayanai ke bi daga na'urar mutum, domin haɗin a jikinta yake ƙarewa. Wanda ke tsakiyar sauke fayil lokacin da ta faɗi, zai katse masa. In ya sake gwadawa ne za a mai da shi sabarsa ta ɗazu. IPVS kuwa tura fakiti, wato ƙananan ƙunshin bayanai, kawai yake yi, don haka haɗin yana iya rayuwa har bayan sauyin. Kuma kwafewar ba nan take ba ce, wanda ya shigo a ƙiftawar ƙarshe sunansa na iya ɓacewa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wayar da ke tsakanin na'urorin biyu ta katse alhali duka suna da rai. Kowace ta ɗauka 'yar uwarta ta mutu, kowace ta riƙe adireshin, a yi sarki biyu zamani ɗaya. Shi ya sa ake ware musu hanyar magana tasu ta daban. A wurinmu kuma sai na ƙara da batun wuta: na'ura biyu a kan inbata ɗaya, in an ɗauke wuta batir ya ƙare, tare za su kwanta.

Ni dai in ana iyawa, na fi son a rage wa na'urar abin tunawa. A sa sunan sabar a cikin kuki, wato ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauzar mutum, ko a tara bayanan seshon a rumbu ɗaya irin Redis da duk sabobin ke leƙawa. A nan kowace na'ura ta karɓi aiki, ba ta buƙatar littafin kowa.

Ƙanen nawa na ba shi aiki: ya kunna na'urorin biyu a ɗakin gwaji, ya shiga shafin da wayarsa, ya cike fom zuwa rabi, sannan ya zare wayar wutar ta farko. Ya ƙirga daƙiƙun da suka wuce kafin shafin ya dawo, ya duba ko an sake tambayarsa lambar sirri.